Takunkumi Ba Ya Hana Tunkuyi

Yayana ya rasu ranar Talata da hantsi, a zaurensa, rediyo yana kunne a kan cinyarsa. Babban ɗansa ne ya shiga kai masa koko ya tarar rai ya yi halinsa, mai karanta labarai kuwa yana ta zuba. Ina gona aka zo aka faɗa mini. Na kwance shanu, na kai su inuwa, na ba su ruwa, sannan na tafi. An yi mini gorin wannan daga baya. Na ce shanu ba su san an yi mutuwa ba.

Kafin azahar garinmu ya cika. Mutanen Kura sun zo, na Bunkure sun zo, na Kadawa da na Madobi sun zo, har da motoci daga Kano waɗanda ba mu san masu su ba. Matan da ke turara shinkafa suka janye itace daga murhu. Masu ɗaurin tumatir suka bar kwanduna a bakin titi rana tana dukansu. Maigari ya ce an toshe mana tagar da muke leƙen duniya. Wani tsoho daga Bunkure, wanda ya shekara ashirin yana hawo keke don kawai ya yi musu da Yaya a kan Amurka, ya zauna a ƙasa yana cewa shi yanzu da wa zai yi. Mai gyaran injin ban-ruwa, mutumin Filato ne, Kirista, ya tsaya gefe a gindin darbejiya da hularsa a hannu, hawaye har gemu.

Kowa da abin da ya tuna, amma magana ɗaya ce ke yawo a bakin jama'a: Malam, wato Yaya, ya ce takunkumi ba ya hana tunkuyi, ci yake hanawa. Kafin a ɗauki makara na ji ta sau biyar. Duk wanda ya faɗe ta sai ya girgiza kai, ya zo ya riƙe hannuna, ya ce in yi haƙuri, an yi rashin mai hikima.

Da aka idar da salla Liman ya juyo ya fuskanci sahu. Ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanku. Zama da mutane ba ya rasa saɓani. Duk wanda ya ɓata wa, ya yafe masa don Allah." Sahu ya amsa da murya ɗaya, mun yafe. Ina sahun gaba. Bakina bai motsa ba.

Na ɗauka ba wanda ya lura, tunda kowa gabansa yake kallo. Na manta da mai gyaran inji, wanda yake tsaye gefe yana kallon fuskokinmu. Da muka dawo daga maƙabarta ya matso kusa da ni kamar mai gaisuwa, ya rage murya ya ce, "Baba, ban ga bakinka ba." Na ce masa ya je ya ji da injinansa.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Surukina ne ke rubuta wannan, ni nake faɗa. Ya ɗaga biro a nan ya ce ko a tsallake maganar sahu. Na ce rubuta. Ina so a tuna da Yaya, kuma ba a tuna mutum da rabin gaskiya.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Takwas Inna ta haifa, biyu muka yi saura, shi na fari ni auta. Ƙyanda da yunwar shekarar fari suka kwashe na tsakiya. Lokacin da aka zo haƙa kanal don jawo ruwan Tiga, Yaya saurayi ne, ya sami aikin riƙe wa masu awo sanda. Wani baƙon injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa rediyo mai jakar fata. Ni kuma da na tasa Baba ya damƙa mini igiyar shanu. Rabon gadonmu ke nan tun Baba yana da rai. Rediyon ya mutu an sake wani, wannan ma ya mutu an sake. Jakar dai ita ce har ranar Talata.

Majalisarsa a gindin mangwaron bakin gada take, bayan la'asar. Akwai wani faffaɗan dutse da ya rage daga aikin gadar, a kansa yake zama. Ba ya kawo labari sai ya ji shi a gidajen rediyo uku. Ya ce kowane gida da maigidansa, kuma kare ba ya haushin mai ba shi tuwo. In ya zauna sai ya share ƙasa da tafin hannu ya zana duniya da tsinke. Ƙwallon mangwaro Amurka, dutse Rasha, ɓawon rake Sin. Wata rana ya ajiye albasa a matsayin Faransa, akuya ta zo ta cinye. Bai ko ɗaga kai ba, ya ce ai dama kwananta a Afirka ya kusa ƙarewa.

Abin da ya sa mutane ke tsallake garuruwa su zo shi ne, ba ya barin labari a can inda aka yi shi, sai ya jawo shi har bakin gonarka. Duniya, in ji shi, kanal ce: na sama ke shan ruwa, na ƙasa ke shan alkawari. Da rigimar madatsar ruwa ta taso tsakanin Habasha da Masar, mutane suka ce ina ruwanmu. Ya ce ruwanku ne kuwa, ku ne Habasha, mutanen Haɗeja su ne Masar, ku tambaye su abin da suke cewa a kanku duk sanda kuka buɗe ƙofa da rani. Da wani jirgin ruwa ya gitta ya toshe mashigar Suwez, ya nuna mana inda ciyawa ta cushe bakin kwalbati, ya ce ku dubi wancan, sannan ku jira farashin kayan inji. Maganar ɗumamar duniya kuwa a taƙaice yake yin ta. Masu hayaƙin suna can, masu ambaliyar muna nan.

Zan faɗi gaskiya, ya iya. Har gobe ban ga wanda ya kai shi ba.

Ranar da abin ya faru ina ɗan shekara ashirin da wani abu, ban daɗe da aure ba. Shekarar da manyan ƙasashe suka taru a kan Iraƙi ce. Na taso daga huɗa, takunkumin shanuna biyu a rataye a kafaɗa. Ni nake saƙa su da kaba, da hannuna, don kada sa ya riƙa fizgar shuka yana aiki. Na tsaya a bakin gada in wanke ƙafa, sai na ji Yaya yana cewa an ƙaƙaba wa Iraƙi takunkumi. Ban taɓa buɗe baki a majalisar nan ba. Ran nan ban san abin da ya hau kaina ba.

Na ce, "Yaya, ƙasa guda? Wa ya saƙa shi?"

Wallahi da gaske nake tambaya. Ban san masu rediyo sun ari kalmar ba, ban san nufinsu a hana ƙasa saye da sayarwa ba. Majalisa ta fashe. Wani ya faɗi daga kan benci. Na ga na yi ɓaranɓarama, sai na so in gyara, na ce to ai takunkumi ba ya hana tunkuyi, ci yake hanawa, in sarkinsu ne mai tunkuyin me ya sa za a ɗaure bakin talakawansa. Dariya ta danne maganar, ba wanda ya ji. Sai mutum ɗaya. Na ga idonsa ya tsaya a kaina kamar ƙiftawa biyu. Sannan ya yi dariyar da ta fi ta kowa, har hularsa ta faɗi, ya ce, "Auta, je ka saƙa musu babba, sai mu aika ta jirgi."

Da wani ne ya faɗa, da kwana uku an manta. Amma Yaya ne. Kafin magariba sunana ya koma Takunkumi. Matata a wajen niƙa ta ji shi. Surukaina a kasuwar Kura suka ji shi. 'Ya'yana sun tashi ana ce musu 'ya'yan Takunkumi, kuma akwai mutanen da suka girma suka yi furfura a garin nan ba su san sunana na yanka ba. Daga ranar na rage magana. Masu cewa haka Allah Ya halicce ni ba su san ni da ƙuruciya ba.

Bayan wata biyu ko uku labari ya fara zuwa cewa yara a Iraƙi ba madara ba magani, shugabansu kuwa yana nan daram. Ina wucewa da shanu ta bayan mangwaro na ji Yaya ya yi gyaran murya ya ce, ku sani, takunkumi ba ya hana tunkuyi, ci yake hanawa. Majalisa ta ɗauki kabbara. Mutanen da suka faɗi daga benci don dariya su ne ke cewa Malam Allah Ya ƙara basira. Muka haɗa ido. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zanensa a ƙasa. Na jira ya ce wani abu, ran nan, ko gobe, ko baɗi. Na jira shekara talatin da 'yan kai.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki. In haka ne ba wanda ya kai ni yi wa Yaya taki. Na zuba masa damina da rani, har shekarun da taki ya gagari kowa. Na yi hassadar dutsensa. Na yi hassadar yadda ake miƙewa in ya iso. Na yi hassadar tafin hannunsa mai laushi, nawa kuwa kamar bayan kada. In baƙo ya zo garin nan ya tambaye ni, sai a ce ƙanen Malam. Ba a taɓa ce masa wan wane ba.

Gonakinmu a jere suke, tasa a sama tawa a ƙasa, haka rabo ya faɗa. Wata shekara da rani ya riƙe ruwa ya wuce lokacinsa, yana zaune a kan kunya yana jin yadda zaɓen wata ƙasa ya kaya, shinkafata kuwa tana naɗe ganye. Na zo da fartanya na fasa bakin ruwan a gabansa. Na ce wato kai ne Habasha ni ne Masar. Na shirya wa faɗa. Sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Auta, ashe kana ji!" Wannan ya fi zagi ƙona mini rai, don ya kama ni. Gaskiya ne. Duk la'asar a ƙarƙashin gada nake shayar da shanu, inda ba mai ganina, kuma shanu ba sa shekara suna shan ruwa. Wata huɗu ban gaishe shi ba.

Akwai kuma shekarar da motar tumatir ta kife da mu a hanyar Kudu. Mu bakwai ne a saman kaya, ni kaɗai aka ɗauko da rai, ƙugu a karye. Na yi kwana arba'in ban taka ƙasa ba. Yaya, wanda tsoron shanu yake ji kamar me, wanda ko gonarsa 'yan ƙwadago ke yi masa, shi ya karɓi ban-ruwan albasata. Kullum da sassafe, wando a naɗe, rediyo a wuya. Kwana arba'in majalisa ba ta zauna ba, mutane suka yi ta zuwa suna komawa. Rabin albasar ta ruɓe, don yana sakin ruwa sai labari ya ɗauke masa hankali. Ya zo ya zauna a bakin gadona ya ce ya yi mini ɓarna. Na ce na ji. Ban ce na gode ba. Ina so a rubuta wannan ma.

Da Rasha ta shiga Yukiren, tun makon farko ya ce duk mai hali ya tanadi takinsa yanzu, kuma wanda ke da fili ya yi alkama, don ƙasashen nan biyu su ne rumbun duniya kuma rumbun ya kama da wuta. Mutane suka bi. Ni na ƙi, ba don komai ba sai don shi ya faɗa. Na yi tumatir, tsutsa ta cinye. Waɗanda suka bi shi suka yi ta kai masa kaji. Amma a zaman nan dai ya ce yaƙin ba zai kai girbin shinkafa ba. An yi girbi, an sake, an sake. Na zuba ido in ga wa zai raɗa masa suna. Ba kowa. Da aka tuna masa ya ce ai masana ma sun yi kuskure, aka ce haka ne Malam. Ni tambaya ɗaya na yi a rayuwata.

Shekarar Korona, da aka ce kowa ya rufe hanci da baki, masu rediyo suka sake aron kalmar. Gari ya cika da takunkumi. Tsohuwar dariya ta farfaɗo, har da masu zuwa ƙofar gidana wai sun zo saye wurin mai asalin sana'a. Yaya ya aiko mini da guda biyu sababbi ta hannun matarsa. Har yau ban sani ba ko tsokana ce ko kulawa. Na ɗaure bakin buhun iri da su.

Sai aka yi juyin mulki a Nijar, maƙwabta suka rufe mata iyaka, aka yanke wuta. Wannan ba labarin nesa ba ne. Muna da dangi a Maraɗi, kuma masu sayen kayanmu da yawa ta can suke zuwa. Wani gidan rediyo a Kano ya shirya zaman masana a kai: malaman jami'a biyu, da wani tsohon jakada, da Yaya. Mota aka aiko ta ɗauke shi. Ya sa farar rigar da yake zuwa Idi da ita. Garin nan kaf ya taru a gindin mangwaro ana saurare. Ni ina gona, amma maƙwabcina ya ƙure muryar wayarsa, ko ban so ba sai na ji.

Masanan suka yi ta jero dokoki da yarjejeniyoyi. Da aka zo kan Yaya ya ce, "Ranku ya daɗe, ni manomi ne. A gona muna sa wa sa takunkumi. Ban taɓa ganin ya hana shi tunkuyi ba, ci yake hana shi. Sojan da kuke so ku hora ya ci ya ƙoshi yau. Mai jegon da ba ta sami magani ba a Maraɗi, da direban da kayansa ke ruɓewa a bakin iyaka, su kuka ɗaure wa baki." Sai jakadan ya ce shi kam ba shi da abin ƙarawa. Ina jin kabbarar gindin mangwaro daga inda nake.

Muna sa wa sa takunkumi. Mutumin da bai taɓa matsawa kusa da bakin sa ba. Na tsaya riƙe da garma har shanun suka juyo suna kallona.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ƙafa ce ta fara kumbura, sannan numfashi. Kwana shida kafin rasuwarsa ya aika a kira ni. Na same shi a zaure da rana, yatsunsa sun kasa murɗa rediyo, ya ce in nemo masa tasha. Na nemo. Muka zauna muna ji. Can ya tambaye ni ko har yanzu ina saƙa takunkumi. Na ce shanu ba su daina ci ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Auta, akwai wata magana." Na san maganar. Shekara talatin ina jiranta, da ta iso bakin ƙofa sai na ji ba na so a ba ni ita a zaure, mu biyu, kamar sadakar ɓoye. A gaban jama'a aka yi mini dariya. Na miƙe na ce lokacin ruwana ya yi. Ya ce to, Allah Ya kai mu gobe. Ban koma ba.

Ranar sadakar uku ɗaya daga cikin malaman jami'ar nan ya zo gaisuwa. Ya gaisa da 'ya'yan Yaya, sannan ya tambaya wane ne mai shanun. Aka nuna ni. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gabana, abin da ɗan boko bai taɓa yi mini ba. Ya ce ranar da suka yi shirin nan, bayan an tashi, jakadan ya tambayi Malam a wane littafi ya samo wannan magana. Malam ya ce ba tasa ba ce, ta ƙanensa ce mai shanu, kuma ranar da ƙanen ya faɗe ta shi ya fi kowa yi masa dariya. Ya ce shi tara labari ya iya, ƙanensa ne ya iya auna shi. Malamin jami'ar ya ce sai shi kuma ya tambayi Yaya, to me ya hana ka faɗi haka ɗazu duniya ta ji? Wai Yaya ya ce kullum yana niyya, amma in ya hau dutsen nan ya ga idanun mutane a kansa sai ya kasa saukowa. Ya ce kowa da irin takunkuminsa.

Na tambayi malamin ko na'urar gidan rediyon tana kunne sa'ad da ya faɗi haka. Ya ce a'a, an riga an kashe. Na ce to.

Ya yi tsammanin zan yi kuka, na gani a fuskarsa. Ban yi ba. Haushi ma na ji. A Kano ya faɗa, a gaban baƙi uku, a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa. Na koma gida na gaya wa matata, don ita ce ta sha sunan nan tare da ni tun tana amarya. Tana tankaɗe, ba ta dakata ba. Ta ce, "Maigida, ya kira ka ka tashi ka bar shi. Yanzu shi ba shi da ƙafar zuwa. Kai ke da ita."

Kwana huɗu ina juya wannan a bayan garma. Abin da na gano ba shi da yawa. Maganar tawa ce. Amma a bakina tambayar wawa ce, da a gindin mangwaro ta mutu ran nan. Shi ya ɗauke ta ya wanke ta, ya yi ta yawo da ita shekara talatin, har ta shiga kunnen jakada. Ni ban iya wannan ba, ko an ba ni dutsen. Shi kuma bai san bakin sa ba. Da mun haɗu da mun yi mutum guda mai amfani. Allah bai nufa ba, mu ma ba mu taimaka ba.

Ranar bakwai da safe, bayan an shafa addu'a, na ce wa Liman ya raka ni maƙabarta. Na biya ta rumfar mai gyaran inji na ce shi ma ya taso, tunda shi ne mai lura da bakin mutane. Ya tsaya daga bakin shinge. Na tsuguna wajen kan Yaya, na yi masa sallama, na ce:

"Yaya, Auta ne. Maganar tawa ce, ka sani na sani. Na yafe maka dariyar. Na yafe maka shirun. Kai ma ka yafe mini tashin da na yi, da albasar da ban gode ba."

Liman bai gane rabin abin da nake nufi ba, amma ya ce Allah Ya karɓa, ya yi addu'a muka shafa. Da muka fito mai gyaran inji ya mai da hularsa ka, ya ce, "Baba, yau na gani."

Ba zan ce hassadar ta tafi duka ba, ƙarya ba ta kamace ni da furfura ba. Jiya ma wani ya tare ni a kan gada yana ba ni labarin hikimar Malam a kan takunkumi, na ji abin ya motsa a ƙirjina. Na ce masa haka ne, Allah Ya ji ƙansa. Matar Yaya ta aiko mini da rediyon cikin jakarsa, ta ce shi ya ce a ba ni. Ina rataye shi a wuya in ina huɗa, ina jin gidaje uku kamar yadda yake yi. An ce in zo in hau dutsen. Na ce dutsen yana da mai shi.

Allah Ya gafarta wa Yaya, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa can ya fi masa nan. Yana maƙabartar gabas da gari, bayan ƙaramin kanal, a gefen Baba, inda inuwar kuka ke sauka da la'asar. Shekara da shekaru ina wucewa da shanu ina duban wurin nan, ina cewa a raina nawa ne. Can yake kwance yanzu. Nan ma ya riga ni.